Awa Sifili a Shafin Darasi

Daga Unguwar Gai nake zuwa Rano koyon rubuta manhajar kwamfuta, Talata da Alhamis. Malam Dalhatu, mai koyar da mu, ya haɗa mu da wani shafin intanet mai bidiyon darussa, ya ce a ƙarshen zango mutum ɗaya zai tura Kano ƙarin horo. Tun ranar na sa a raina ni ce.

A garinmu sabis sai ya ga dama. Don haka in na shigo Rano sai in sauke bidiyoyin a wayata, in koma gida in kalla ina ɓarar gyada, in maimaita har su zauna. Wata huɗu ina haka. Abin da ban sani ba, shafin ba ya ƙirga kallon da aka yi babu intanet.

Ranar zaɓe Malam ya haska a bango awannin da shafin ya ƙirga wa kowa. Bushra, 'yar cikin gari mai amfani da kwamfutar yayanta, awa sittin da biyu. Ni Juwairiyya, sifili.

"Ke ko leƙawa ba ki yi ba?" in ji Malam.

Bushra ta juyo tana murmushi. "Ai manoma ba su da lokaci, Malam."

"Wasu kuma kunna shi suke su tafi kitso," na ce. "Malam, a ba mu aiki yanzu, ni da ita."

Ya ce kowa ta rubuta umarnin da zai jera lambobi goma daga ƙarami zuwa babba. Amsar tana kaina tsaf, amma yatsuna ba su saba da kwamfuta ba, harafi ɗaya-ɗaya nake laluba. A gefena yatsun Bushra sai sauka suke kamar ruwa a kan kwano. Ta gama. Na so nata ya ƙi aiki, wallahi na so. Ya yi.

Nawa ya biyo baya da minti shida. Malam ya daɗe yana dubawa.

"Naki ya fi tsari, Juwairiyya. Amma ita ta riga, kuma nata daidai ne."

Ya rubuta sunan Bushra.

Ta miƙo min hannu. Na taɓa da yatsu biyu, na wuce gaban teburin Malam.

"Malam, ranar Asabar wa yake buɗe ajin nan?"

"Ba kowa."

"To a ba ni makullin. Yatsuna ne suka rage, kuma kafin zango na gaba za su saba."

Ya kalle ni, ya kalli Bushra, ya jawo aljihun tebur.