Jar Waya a Ƙarƙashin Kujera

Tun da Mai Wayarin, mai gyaran wutar mota, ya taɓa taraktar Babanmu ta koyi sabon hali: ba ta tashi sai a hannun ƙanena Auta.

Tsohuwa ce mai shan fetur, ta girme ni. Bara wayoyinta suka ruɓe, batir ya daina karɓar caji, sai Auta ya kawo Mai Wayarin ya cire tsohon dainamo ya sa altaneta, ya sake wayoyi tun daga makulli har fulogi. Aiki ya yi kyau a ido, ban musa ba. Amma kullum da safe Baba zai hau ya murɗa makulli, kik ya yi ta gurnani, inji ko tari. Sai Auta ya zo yana sosa ƙeya ya ce, "Baba, sauko in gwada." Yana zama, murɗa ɗaya ta kama.

Na gwada da kaina, ni ma ta ƙi ni. Nan raina ya fara ɓaci. Ni, Babba, ba mazaunin gida ba ne, sai damina nake zuwa, kuma na daɗe ina lura da yadda Auta ke shafa bonet ɗin nan kamar taraktar tasa ce. Na ce a raina, wato so yake ya nuna wa tsoho ƙarfensa ya ƙi shi, ya gaje taraktar uban yana raye.

Na tafi shagon Mai Wayarin. Wuri ne ƙuntatacce, matattun batura jibge a bakin ƙofa, ƙaurin dalma ko'ina. Na ce, "Malam, wane irin gyara ne wannan, mota tana zaɓen direba?"

Bai ɗago kai ba. "Tsohon inji sai wanda ya san hannunsa."

"Wa ya fi Baba sanin hannunta?"

Ya ci gaba da feƙe wata waya da ba ta buƙatar feƙewa. Na fito da tabbacin bakinsu ɗaya da Auta.

Da rana, Auta ya fita sayen mai, na kwanta a gindin taraktar. Ban iya wayarin ba, amma na san wayar makulli kai tsaye take zuwa kwayil, don can ake samun wutar da fulogi ke tartsatsi da ita. Na bi ta da yatsa. A tsakiyar hanya sai ga wata ja ta kauce, an naɗe ta da baƙin tef, ta nutse ƙarƙashin kujera. Can na taɓo ɗan makunni, bai fi kan yatsa ba. Na danna, na murɗa makulli, tarakta ta tashi da ruri.

Inna ta fito daga kicin da gudu, hannunta duk kumfa. "Kashe ta! Kashe kafin Babanku ya ji!"

Na kashe. "Inna, kin ga abin da ɗanki ya ƙulla?"

"Ni na sa a yi." Ta goge hannu da gefen zani, ta rage murya. "Idon Babanku ya tafi, ya ƙi faɗa. Bara ya yi baya da ita ya bi ta kan tabarmar da 'yarka ke wasa. Ɗaga ta da na yi ke nan don in yi mata wanka. Bai ma san ya taka komai ba. To ka faɗa min, wa zai iya karɓe makulli daga aljihun mutumin nan? Kai?"

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Na mai da makunnin yadda na same shi.

Washegari Baba ya hau kamar kullum, ya murɗa, kik ya yi gurnaninsa ya gaji. Ina tsaye kusa da babbar taya, na kasa dubansa.

Ya ce min, "Babba, jiya na ji ta tashi a hannunka. Ka gano ciwon nata?"

"Ban gano ba, Baba."

Ya shafa sitiyari. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ba tare da lalube ba, ya ɗora yatsa daidai kan makunnin. Bai danna ba.

"Babu wayar da ban sani ba a jikin motar nan. Tun makon farko na ji baƙuwa." Ya janye hannunsa. "Kada ka gaya wa uwarka. Je ka kira min Auta, rana tana yi."