Misalin da Aka Yi da Kaska

Ƙawarta ta ɗaki, wadda ake kira 'Yar Gayu, ita ta laƙa mata suna Kaska tun shekararsu ta farko a jami'a, don ko laburare ba ta iya zuwa ita kaɗai. In ta tura saƙo aka yi jinkirin amsawa, sai hankalinta ya tashi. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta taso yau hannun gwaggo gobe hannun inna, kuma 'Yar Gayu kaɗai ta faɗa wa wannan.

A shekara ta uku, malamin ilimin halayyar ɗan Adam ya sa kowa ya yi bayani kan yadda mutane ke shaƙuwa da juna. 'Yar Gayu ta tsaya gaban aji ta kawo misalin wata marainiya mai liƙe wa mutane, mai kuka a banɗaki duk lokacin jarrabawa. Ba ta kama suna ba, amma aji kaf ya waiwayo ana dariya. Har malamin ya yaba.

A ranar nan Kaska ta kwashe kayanta ta koma wani ɗaki. Da farko ko abinci ba ya shiga, in hannunta ya kai kan waya don kiran 'Yar Gayu sai ta janye shi. Sannu a hankali ta saba da tafiya aji ita kaɗai.

Ta kuma san inda za ta rama. Darasin ƙididdiga ne ke kayar da 'yan ajin, ita ce gwanarsa, kuma da ma ita ke goye da 'Yar Gayu a kansa. Sai ta fara koyar da duk mai so a inuwar bayan laburare.

Da jarrabawa ta matso, sai ga 'Yar Gayu ta rame, ido ya faɗa. Ta ce ai wasa ta yi, a yafe mata don Allah. Kaska ta ajiye biro, ta dubi sauran ɗaliban da take koyarwa.

"Ko ta tashi, ko ni in tashi. Ku zaɓa."

Waɗanda suka fi kowa dariya ranar da aka yi misali da Kaska, su suka fara cewa 'Yar Gayu ta yi haƙuri ta ba su wuri.

Da sakamako ya fito, lambar 'Yar Gayu Kaska ta fara nema a jikin allo. 'Yar Gayu ta faɗi ƙididdiga, dole ta maimaita darasin. Sannan Kaska ta duba tata, ta sayi lemo mai sanyi, ta zauna kan dakali daidai inda ɗayar za ta wuce, tana sha a hankali.