Safar Tsuntsuwa

"Mama, me ya sa hammatarki take zubar da gari?"

Da hannu Tsuntsuwa ta yi mini tambayar, don 'yata kurma ce. Ita kuwa maganar hannu ba ta da raɗa, duk mai ido ya ji. 'Yan ajinsu uku da ke bakin ƙofa suka tuntsire da dariya.

Muna ɗan ɗakin da ke bayan zauren taron makarantarsu, saura minti goma a fara rabon kyaututtuka. Malamar da ke yi wa kurame fassara ta haihu shekaranjiya, shugabar makaranta ta ce ni zan hau dandamali a madadinta. Ni! Shekara huɗu ina koyon maganar hannu saboda yarinyar nan, ga shi yau ta zo ta ɗaya a lissafi, kuma daga hannuna za ta ga an kira sunanta. Tun safe ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don murna.

Sharaɗi ɗaya shugabar ta kafa mini: riga mai launi ɗaya, ba zane ba ado, don idon yaran ya tsaya a kan hannuna kawai. Na sayi shuɗiya sabuwa fil. Da na ɗaga hannu a gaban gilashin taga, sai ga fararen layuka tun daga hammata har ƙugu, dama da hagu. Turaren hammata ne, irin na gogawa. Na lafta shi har sau biyu don gudun gumi, na zura riga nan take ban bari ya bushe ba.

Yara kurame goma sha biyu za su zuba mini ido awa guda. Layukan za su kalla, ba hannuna ba, kuma gobe 'yata ce za ta sha tsokana.

Na fizgo hankici na tsoma a kofin ruwa. Sai ji na yi an cafke mini wuyan hannu.

"Ke, ajiye! So kike garin ya zama kunu?"

Yayata ce, wadda ta rako mu. Shekararta tara tana aiki a shagon sayar da riguna.

"Yaya, minti bakwai ya rage!"

"Ko bakwai ko saba'in. Kin jiƙa shi, ya dame, ki hau da taswira a hammata. Kullum sai mata sun gwada riga sun bar mana irin wannan sa hannun. A bushe ake cire shi. Wa ke da safa mai santsi?"

Na dubi ƙafata, ta dubi tata. Ni da ita takalmi buɗaɗɗe muka sa, ba safa. Na fassara wa Tsuntsuwa abin da ake nema, ban gama ba ta zauna daɓas a ƙasa ta tuɓe takalmi.

Na yi mata da hannu: "A'a, uwata, ke fa za ki hau karɓar kyauta!"

Ta miƙo safar, ta yi da hannu ɗaya: "Ni ƙafata ba ta magana."

Yaya ta dunƙule safar ta hau gogawa, gajere-gajere, da sauri. "Ɗaga hannu, amaryar alli! Sama!" Layin farko ya dushe, ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Na saki ihu har shugabar ta leƙo.

"Gobe ki shafa kaɗan, ki jira ya bushe," in ji Yaya, tana ta gogawa. "In za ki zura riga, naɗe bakinta waje tukuna, abin ya taɓa ciki. Juya!"

Aka buga ƙararrawa. Safar ta yi fari fat, ba ta sawuwa, na cusa ta a jaka.

Da aka zo lissafi, na yi sunanta da hannu, wato fiffike biyu a gefen kunci. Ta taso da gudu, ƙafa ɗaya da safa, ɗaya babu, ko a jikinta. Kurame ba sa tafi, hannu suke ɗagawa sama su karkaɗa. Na ɗaga nawa har ƙarshe, ba na tsoron kowa ya duba, zauren kaf ya kwaikwaye ni. Tsuntsuwa ta tsaya tana kallon hannaye sun cika ko'ina, bakinta a buɗe.

Ke da kike karanta wannan, kada ki kuskura ki sa riga turare bai bushe ba. In kuwa farin layi ya riga ya fito, ki nisanta shi da ruwa, ki nemi safa. Ba kullum za ki samu 'yar da za ta tuɓe miki tata ba.