Tsani da Dardumar Yamna

"Kawu Idir," in ji Hammu mai rakiyar baƙi, "bar mutanena su hau tsaninka kyauta su ga ruwan da ke zubowa daga dutse. In mun sauko, gidanka zan kawo su su sayi darduma."

Muka tafa, amma raina bai kwanta ba. Akwai hanyar bayan dutse da ke sauka ƙauyen surukinsa, shi ma mai sayar da darduma ne.

Suna hawa, na sa matata Yamna ta ɗora kayanta a alfadari ta tare bakin hanyar. Can kuwa suka ɓullo.

"Ɓatan hanya ka yi, ɗana?" ta ce wa Hammu.

Yamna ta yi ciniki, baƙi sun ga ruwa. Surukin Hammu kuwa ya dafa shayin baƙi, ya shanye shi kaɗai.