Batun Fanka

Shekara huɗu ina rubuta littafi ɗaya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wanda ke ganin na daɗe ya zo gidanmu ya riƙe biro na minti biyar ya gani. A wurin Umma, in kana zaune to ba abin da kake yi. "Tunda kina zaune, riƙe min yarinyar nan." "Tunda kina zaune, kwaso shanya." Yayana kuwa in ya shigo sai ya leƙo ya ce, "Marubuciya, har yanzu muna shafin farko?"

Wuri ɗaya na samu a duk duniya, shi ne taron ranar Litinin a ofishinmu.

Ni ce sakatariya a wani kamfanin sayar da fenti. A teburina waya ba ta minti uku ba ta yi ƙara ba. Bugawa a kwamfuta ba matsala, ba mai tambayar sakatariya me take bugawa. Ƙirƙirar labarin ce ke son awa biyu ba wanda ya kira ka.

Tsohon manajanmu mutum ne mai son jin muryarsa. In ya ce "a taƙaice", mun san saura awa biyu. Ni ke rubuta bayanin taro, kuma ban daɗe ba na gane abin da ya faɗa wancan makon shi zai maimaita. Sai na koma rubuta bayanin tun da safe. In an zauna, in juya littafin ta baya, in shiga labarina, ina yi ina gyaɗa kai. Har misali yake yi da ni.

"Ku dubi yarinyar nan. Ko tari na yi sai ta rubuta."

Alhali a lokacin ina tsakiyar tura mijin tauraruwata cikin rijiya.

Babi goma sha bakwai na rubuta a ƙarƙashin muryar bawan Allahn nan. Saura uku, gasar rubutun da nake hari za a rufe karɓa ƙarshen wata, sai ya yi ritaya.

Aka kawo mana sabuwar manaja, mace mai saurin tafiya da yawan duba agogo. Litinin ɗin farko ta sa aka fitar da kujerun ɗakin taro.

"Taro a tsaye, minti goma. Mai magana ya yi, mu koma aiki."

Kowa ya fito yana sa mata albarka. Ni layi biyu na rubuta, na biyun ma a karkace. Saura Litinin uku, babi uku. Na ga fuskar Yayana yana dariya, na ce wallahi ba za a yi haka da ni ba.

A babban ofishinmu fanka ɗaya ce, ta tsaye, wadda wuyanta ya daina juyawa tun kafin a ɗauke ni aiki. Tana tsakanin teburin Baba Mai Sito da na Anti Mai Talla. In ta kalli Baba, Anti ta jiƙe da gumi. In ta kalli Anti, Baba ya yi ta fifita da fayil yana tsaki. Shekara shida suna wannan yaƙin.

Litinin ta biyu, manaja ta duba agogo ta ce, "Akwai wani abu?" Ni da ban taɓa buɗe baki a taro ba, na ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, a tsohon bayani akwai batun fanka da ba a rufe ba."

"Wace fanka?"

"Yawwa!" in ji Baba Mai Sito. "Gara da kika tambaya. Fankar nan ni na sauke ta daga mota da hannuna."

"Ka sauke ta, ba ka haife ta ba," in ji Anti.

"Kin ji ko? Kin ji irin bakin da nake zaune da shi?"

Da aka yi minti ashirin Baba ya ce gwiwarsa ba za ta ɗauki tsayuwa ba, kuma bai ko kai shekara ta biyu a tarihin ba. Aka dawo da kujeru. Na juya littafina. Babi na goma sha takwas ya fito sumul.

Litinin ta uku ma na tayar, na samu na sha tara. Amma na sha wuya a makon. Direbobi suka daina amsa gaisuwata. Wani ya ɓoye min abin huda takarda. Mai shara ta riƙa tsallake teburina. Anti da kanta, wadda ta fi kowa jin daɗin faɗan, ta sa min suna Sarkin Tono. Na shanye duka, kaina a sama. Su barcinsu na rana suke so, ni littafi nake rubutawa.

Litinin ta ƙarshe na shiga ɗakin taro na tarar da dogon kwali a kan tebur. Manaja ta dafa shi tana murmushi.

"Sabuwar fanka. Malama Sakatariya, rubuta: an rufe batun fanka."

Aka yi tafi. Jibi za a rufe gasa, ga tauraruwata tsaye a bakin rijiya, 'yan sanda na tafe. Manaja har ta ɗauki jakarta.

"Ranki ya daɗe," na ce, "don in rubuta daidai. Sabuwar a teburin wa za a ajiye?"

Baba da Anti suka juya suka dubi kwalin a tare.

"Ai wannan tana juyawa," in ji manaja da sauri. "Kowa zai samu."

"Rabin iska ke nan," in ji Baba. "Shekara ashirin ina aiki a nan, a ba ni rabin iska?"

"To ka riƙe tsohuwar mana, tunda kai ka sauke ta daga mota!"

"Ni za a bar wa mai karyayyen wuya?"

Awa biyu da rabi. Ban ɗago ba sai da na sa ɗigon ƙarshe, yatsuna har sun sandare.

Da aka watse manaja ta ce in tsaya. Ta miƙo hannu, na ba ta littafin.

"Tun makon jiya nake kallonki. A juye kike riƙe shi."

"Bayanin taro yana gaba, ranki ya daɗe. Ba kuskure ko ɗaya."

Ta buɗe ta karanta a fili: "An tattauna batun fanka. An ɗage zuwa zama na gaba." Ta dube ni. "Yaushe kika rubuta wannan?"

"Da safe."

Ta juya bayan littafin, ta karanta shafi ɗaya, ta wuce na biyu. Na tsaya ƙyam, ban sunkuyar da kai ba. In kora ce, da cikakken littafi zan fita.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Madalla. Daga yau ke ce shugabar kwamitin fanka. Ke da Baba da Anti, kullum lokacin hutu, har sai kun daidaita. Kuma ba biro."

Ranar Laraba na tura littafina. Da yamma Yayana ya leƙo zai fara, na ɗora masa shafi ɗari biyu da goma a cinya na ce tunda yana zaune, ya riƙe min.

Kwamiti kuwa yau kwanansa tara. Sabuwar fanka tana cikin kwalinta.