Kashi Takwas Cikin Ɗari

Shekarar da masara ta yi tsada, ni ce na kawo wa Kawu shawarar gilisarin. Salwar nama yake kiwo, ɗakuna huɗu masu rufin kwano a bayan tashar mota, ni kuma haɗa abincinsu ne aikina tun da na gama makarantar kiwo. Na ce masa wannan ruwa mai kauri da zaƙi, wanda ake samu wajen yin sabulu, zai iya maye gurbin wani ɓangare na masara, in an san gwargwado.

"Likita, kar dai ki mayar min da salwa sabulu," ya ce yana dariya. Likita suke ce min a gidan, ba kuma don girmamawa ba.

Ya ba ni ɗaki ɗaya in gwada. Sati shida ina awo ina rubutawa, hannuna kullum a danƙare. Kashi takwas cikin ɗari na tatacce, fari tas, shi ne ya yi daidai. Salwar suka yi ƙirji, garin abincin ya daina tashi yana shaƙe mu. Ranar da masu saye suka zo, Yaya, babban ɗan Kawu mai kula da gonar, ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Ai na daɗe ina wannan tunanin."

Wata guda bayan haka na tarar da durom shida na gilisarin da Yaya ya sayo a sito. Na buɗe ɗaya: baƙi ne, yana wari, na ɗanɗana na ji gishiri zau.

"Yaya, wannan ba tatacce ba ne. Kashe su zai yi."

"Ke dai komai sai kin yi mana lacca. Gilisarin ai gilisarin ne."

Na je wajen Kawu. Ya ce in bar namiji ya yi aikinsa. Yaya ya karɓe mukullin sito, ya ninka awon har sau uku.

Kwana biyar salwar suna shan ruwa kamar ba gobe. Shimfiɗar ɗakunan ta jiƙe ta zama caɓi, ƙafafunsu suka kumbura. Ran na tara muka fara kwasar gawa a baro. Ni na haƙa ramin, ni na zuba toka a kai.

Kawu ya tara mu a tsakar gida. Bai ko kalli ɗansa ba.

"Kafin ki kawo mana ruwan nan, salwata ɗaya ta taɓa mutuwa haka?"

"Kawu, littafina yana nan, a duba."

"Littafi zai tayar da su?"

Yaya yana gefe yana latsa waya.

Da na koma gida, Inna ta ce, "Wana ne, shi ya riƙe mu da babanki ya rasu. Ki je ki ba shi haƙuri."

"Haƙurin me, Inna?"

"Ki dai je."

Na je. Na durƙusa na ce a yafe min. Ya ce ya wuce, Allah ya kiyaye gaba, amma ɗakin haɗa abinci na gama da shi. Yanzu ina rumfar figa tare da mata uku, tukunyar ruwan zafi a gabana. Salwa ɗari biyu nake figewa kafin azahar, kuma hannuna ya fara saurin da har ake yaba min.