Huji Uku

Goggo ta ɗora kan karyarta a cinyarta tana yi mata faɗa, sai ka ce ita ta jawo wa kanta ciwon. Kwana da kwanaki dabbar ba ta cin komai sai shan ruwa, ga ciki ya kumbura. Likitar dabbobi, wata siririyar yarinya mai tabarau, ta ce mugunya ce ta cika mahaifa. In ba a cire yau ba, sai dai haƙuri.

Maganar cirewar nan ta tsaya wa Goggo a rai. Ita ma likitanta ya daɗe da cewa a cire mata tata, saboda ƙarin da ke sa ta zubar jini. Autanta ya roƙa, ya yi fushi, ya dawo yana roƙo. Amsarta ɗaya ce: ba mai farka ta kamar buhu. Gaskiyar magana tsoro take ji.

Ta dubi likitar, ta nuna karyar. "Tsaga ta za ku yi?"

"A'a, Mama. Huji uku ne ƙanana. Ta ɗaya mu sa kyamara, ta sauran mu yi aikin. Mun ci sa'a mahaifar ba ta yi girma sosai ba."

"'Yar nan, ki ji tsoron Allah."

Likita ta yi dariya. "Zo ki tsaya bakin gilashi ki gani."

Goggo ta tsaya, da niyyar kama ta da ƙarya. Ga cikin karyar nan tar a talabijin, mahaifa ta yi suntum. Yarinyar ko kallon hannunta ba ta yi; ido a sama, tana toshe jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, jinin bai cika cokali ba. Ta ɗan faɗaɗa huji guda, ta zaro abin a hankali. Goggo, wadda yabo ke yi wa wuya, ta ji yarinyar ta burge ta ƙwarai.

Da yamma karyar ta miƙe tana tangaɗi, ta lashi ruwa, har da kaɗa wutsiya.

A mota, da suka yi nisa, Goggo ta juya wajen autanta da ke tuƙi.

"Auta."

"Na'am, Goggo."

"Likitan nan nawa, ka tambaye shi ko shi ma yana da kyamarar."

Auta ya ƙanƙame sitiyari, bai yarda ya waiwayo ba. "In yana da ita fa?"

"Sai ya sa mana rana. In kuma babu, ka mayar da ni wajen yarinyar nan."